Ɗaya cikin huɗu: muhawara kan lissafin auren AS da AS

Yayar Ango, Zariya:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Na zo da wata matsala ta gida wadda nake ganin ta lissafi ce kafin ta zama ta likita. Ƙanena yana neman 'yar baffanmu, har an kai gaisuwa, sai aka je gwajin jini, sakamakon ya nuna shi AS ne, ita ma AS ce, wato kowannensu yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila (S) guda ɗaya tare da lafiyayyiya (A) guda ɗaya. Ma'aikacin da ya ba su takardar ya ce musu a irin wannan aure ɗa ɗaya cikin huɗu ne yake zuwa da sikila. Da maganar ta je gaban manya, Gwaggonmu, wadda ba a tsallake maganarta a dangi, ta ce tunda ɗaya ne cikin huɗu, to a ɗaura auren, su haifi uku su dakata, ba sai an kai ga na huɗun ba. Kawunmu kuma ya ce ko da ɗan farin ne ya zo da ciwon, ai an riga an biya bashin, sauran ukun za su zo lafiya. Hankalina bai kwanta da maganganun nan biyu ba, amma na kasa gano inda kuskuren yake ta yadda zan iya zama gaban Gwaggo in yi mata bayani cikin ladabi. Ina roƙon masu ilimi su taimaka mini.

Malamin Lissafi, Katsina:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Rashin kwanciyar hankalinki yana kan hanya, domin Gwaggo da Kawu kuskure ɗaya suka yi, sai dai kowa ya shigo masa ta ƙofa daban. Ki samo ƙwarya biyu, ɗaya ta zama uba ɗaya ta zama uwa, ki sa wake biyu a kowace, fari ɗaya da ja ɗaya. Farin shi ne A, jan shi ne S. Duk lokacin da aka sami ciki, tamkar an rufe ido ne an ɗauko wake ɗaya daga ƙwaryar uba, ɗaya daga ta uwa. Abin da zai iya fitowa huɗu ne kuma babu wanda ya fi wani dama: fari da fari, wato AA, fari da ja ko ja da fari, wato AS, sai ja da ja, wato SS, wanda shi ne mai ciwon. Nan ne aka samo ɗaya cikin huɗu.

Abin da mutane suke mantawa shi ne, bayan an ɗauko waken ana mayar da shi cikin ƙwaryar. Uban da ya ba ɗansa na fari S bai rabu da S ɗin ba, yana nan a jikinsa har ƙarshen rayuwarsa, haka ma uwar. Saboda haka ciki na biyu bai san abin da ya faru da na farko ba, kowane ciki yana fara nasa lissafin daga tushe. Babu wani bashi da ake biya kamar yadda Kawu ya zata, kuma ciwon ba ya jiran ɗa na huɗu kamar yadda Gwaggo ta zata.

Idan muka auna shawarar Gwaggo da alƙalami, damar yaro ɗaya ya tsira 3/4 ce. Damar yara uku su tsira gaba ɗaya ita ce 3/4 sau 3/4 sau 3/4, wato 27/64, kimanin kashi 42 cikin 100. Ma'ana a cikin gidaje 100 da suka bi wannan shawara, kusan gidaje 58 za su sami aƙalla yaro ɗaya mai sikila. Idan yaran huɗu ne, lissafin ya zama 81/256 na tsira, wato kimanin gidaje 68 cikin 100 ne za su ga ciwon. Idan kuwa shida ne, kamar yadda aka saba gani a gidajenmu, adadin ya haura zuwa 82 cikin 100.

Almajirin Fara'ili, Sakkwato:
Allah ya saka wa Malam da alheri. Ina so in ƙara wani abu game da dalilin da ya sa manyanmu suke faɗawa wannan rami, domin ba rashin sanin kaso ba ne yake damun su. Gwaggo ta san rubu'i sarai. Ta san miji yana cin rubu'in dukiyar matarsa idan ta bar ɗa, mata kuma tana cin sumuni idan mijin ya bar ɗa. Amma rubu'in gado rabo ne tabbatacce: idan an bar buhu huɗu, buhu ɗaya na mijin ne, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kuma da zarar an fitar da shi sauran ukun sun kuɓuta. Da ta ji an ce ɗaya cikin huɗu, sai ta ɗauke shi da ma'aunin da ta sani, ta raba 'ya'ya kamar yadda ake raba buhunan gero. Rubu'in da likita yake nufi kuwa ba rabo ba ne, ma'aunin yiwuwar faruwar abu ne, kuma waɗannan fannoni biyu ne mabambanta ko a tarihi. Al-Khawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabaru a Bagadaza wajajen shekarar 820, ya kuma ware babban sashe ga matsalolin wasiyya da gado, amma lissafin yiwuwa bai tsaya da ƙafarsa ba sai bayan wasiƙun da Pascal da Fermat suka yi musaya a Faransa a 1654. Shawarata ga Hajiya ita ce kada ta ce wa Gwaggo ba ta iya lissafi ba, ta ce mata wannan rubu'in ba irin na gado ba ne.

Alhaji Mai Hatsi, Dawanau:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ina girmama iliminku, amma ni ina da abin da idona ya gani. Maƙwabcina da matarsa duka AS ne, 'ya'yansu bakwai, har an aurar da biyu, kuma babu wanda ya taɓa kwanciya da wannan ciwo. Ina lissafinku ya shiga a nan? Bayan haka, Malam, ina tsoron mu wayi gari muna raba masoya da 'yan'uwa saboda takarda, alhali lafiya da cuta duk a hannun Allah suke. Iyayenmu sun yi aure ba gwaji, kuma ga mu nan.

Malamin Lissafi, Katsina:
Ranka ya daɗe, Alhaji, ban ƙaryata labarin maƙwabcinka ba, hasali ma lissafin da kansa ya ce dole a sami irinsa. Idan aka ninka 3/4 sau bakwai ana samun kimanin kashi 13 cikin 100, wato wajen gida ɗaya cikin kowane gidaje bakwai ko takwas masu irin wannan aure da 'ya'ya bakwai zai tsira baki ɗaya. Maƙwabcinka yana cikin waɗannan. Tambayar da ta kamata mu yi ita ce ina sauran gidaje shida ko bakwai ɗin suke. Kai ɗan kasuwa ne, ka san ba a yanke wa mota guda ta masara hukunci da tsaba ɗaya da aka zaɓo daga bakin buhu, shi ya sa ake soka buhun ta wurare da yawa kafin a yi ciniki. Gidan da ya tsira shi ake nunawa a matsayin hujja domin labarinsa yana da daɗin faɗa, gidan da ke kwana a asibiti kuwa ba kowa ne yake zuwa ya zauna da su ba.

Almajirin Fara'ili, Sakkwato:
Allah ya ƙara girma, Alhaji. Babu musulmin da yake jayayya cewa lafiya da cuta a hannun Allah suke, amma sanin sababi da kauce masa yana cikin ƙaddarar. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka ba shi labarin annoba ta ɓarke, ya yi shawara da sahabbai ya yanke a koma. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ga ƙaddarar Allah, ya kuma buga masa misali da mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk wanda ya zaɓa da ƙaddarar Allah ya zaɓa. Lissafin Malam bai ce ga abin da zai faru da ɗan wane ba, wannan gaibu ne. Abin da ya yi kawai shi ne ya nuna mana gefen kwarin da ya fi ciyawa.

Ma'aikaciyar Jinya, Kano:
Baba Alhaji, ina so in tsaya kan maganarka ta cewa iyayenmu sun yi aure ba gwaji kuma ga mu nan. Gaskiya ne ga mu nan, amma mu ne waɗanda suka rayu. Kowannenmu idan ya tambayi mahaifiyarsa ko kakarsa zai ji labarin yaran da suka koma tun suna goye, aka ce shawara ce, ko zazzaɓi, ko iska. Ba na cewa duk sikila ce, amma yaron da aka haifa da ita a wurin da babu ƙarin jini, babu maganin rigakafin ƙwayoyin cuta, ga zazzaɓin cizon sauro, sau da yawa ba ya kai shekara biyar, kuma ba a taɓa rubuta sunan ciwon da ya tafi da shi ba.

Sikila, wato ciwon da muke kira amosanin jini, yana faruwa ne saboda canji guda a sinadarin himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar shaƙa a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Idan iskar ta yi ƙaranci sai ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan ne matsanancin ciwon ƙashi yake tasowa. Lafiyayyar ƙwaya tana yin kimanin kwana 120, mai lanƙwasa kuwa kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jininsu yake yawan ƙarewa. Wani likita a Chicago mai suna James Herrick ne ya fara bayyana siffar a rubuce a 1910, a 1954 kuma Anthony Allison, wanda ya yi bincike a gabashin Afirka, ya nuna cewa masu AS sun fi samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Wannan ne ya sa S ta yawaita a ƙasashenmu, domin mai ɗauke da ita guda ɗaya yakan fi tsira tun yana yaro.

Akwai wani lissafi da nake so kowa ya gwada da kansa. An ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne. Idan ana aure ba gwaji, damar miji da mata su haɗu duka AS ita ce 1/4 sau 1/4, wato 1/16, sannan a cikin 'ya'yansu 1/4, abin ya zama 1/64. Wato wajen jariri ɗaya zuwa biyu cikin kowane 100. Ku ɗora wannan kan miliyoyin haihuwar da ake yi kowace shekara, za ku ga ya yi kusa da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ana haifar yara kusan 150,000 masu sikila a Nijeriya duk shekara. Wannan nauyi yana daga cikin abin da ya sa Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure a Kano a 2024.

Yayar Ango, Zariya:
Na gode ƙwarai. Akwai abin da mahaifiyarmu take ta maimaitawa, wai auren zumunci ne ya jawo mana, da bare ya nema da ba a shiga wannan ba. Shin haka ne?

Malamin Lissafi, Katsina:
Inna tana da gaskiya, amma rabin gaskiyar. A ɗauka ƙanenki ya gaji S daga mahaifinku, shi kuma daga ɗaya cikin iyayensa. Damar Baffa ya gaji wannan S ɗin rabi ce, damar ya ba 'yarsa kuma rabi ce, abin ya zama 1/4 ta wajen uba kaɗai. Idan aka haɗa da abin da za ta iya samu ta wajen mahaifiyarta, wanda yake kusan 1/8, jimillar tana kaiwa wajen 1/3. Bare kuwa 1/4 ce. Zumunci ya ƙara haɗarin, amma bai ƙirƙire shi ba, domin S ta riga ta yawaita a cikinmu. Wanda ya gudu daga 'yar baffa ya auri bare ba gwaji bai yi nisa da abin da ya guda ba.

Ɗan Zango, Kumasi:
Ina gaida malamai. Ina so in ja hankali kan abubuwa biyu da muke fama da su a nan. Na farko, mutane da yawa suna cakuɗa rukunin jini, wato A da B da O, da wannan gwaji na AA da AS. Na sha jin saurayi yana cewa shi O ne saboda haka ba shi da matsala, alhali abubuwa biyu ne da ba su da alaƙa. Na biyu, a arewacin Ghana da Burkina Faso akwai wani nau'in himogulobin mai suna C da yawa, kuma mai AC idan ya auri mai AS, lissafin waken nan bai canja ba: ɗaya cikin huɗu a kowane ciki zai iya zuwa da SC, wanda shi ma ciwon sikila ne, ko da yake sau da yawa ya fi sauƙi, amma yakan taɓa ido da ƙashin ƙugu. Wanda ya haddace cewa AS da AS ne kawai matsala zai faɗa nan, wanda kuwa ya fahimci ƙwarya da wake zai iya fitar da amsar da kansa.

Baban Yara, Gusau:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma akwai abin da ya same ni wanda nake ganin zai amfani wani. Kafin aurenmu mun yi gwaji a wani ɗakin gwaji, aka ba ni AA, aka ba matata AS, muka yi aure hankali kwance. Ɗanmu na biyu yana wata takwas hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, aka auna aka ce sikila ce. Wasu daga cikin dangina suka fara magana ƙasa-ƙasa, cewa tunda AA ba ya haifar SS, to a binciki uwar. Na shiga makonni mafi muni a rayuwata. Wani abokina ne ya zaunar da ni ya ce in lissafa duk hanyoyin da wannan abu zai iya faruwa, sannan in tambayi kaina wacce ta fi kusa: matar da na sani shekara biyar ta ci amanata, ko kuwa takardar da aka rubuta cikin gaggawa a ɗakin da ko sunana ba su rubuta daidai ba ta yi kuskure. Na sake gwaji a wurare biyu, duka suka nuna ni AS ne. Har yau idan na tuna cewa na kusa zaluntar baiwar Allah saboda na ɗauki takarda ɗaya a matsayin abin da ba ya kuskure, sai jikina ya yi sanyi.

Ma'aikaciyar Jinya, Kano:
Allah ya ba yaron lafiya, ya saka wa abokinka. Ka'idar cewa AA ba ya haifar SS daidai ce, amma tana tsaye ne kan sharaɗin cewa gwajin ya faɗi gaskiya, kuma mutane suna riƙe ka'idar su manta da sharaɗin. Ana iya musanya kwalaben jini, ana iya karanta sakamako ba daidai ba, wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan sakamakonsa yakan rikice, akwai kuma masu sayen takardar ƙarya don a bar su su yi aure. Bayan haka akwai wata larurar gado mai suna talasemiya, wadda mai ɗauke da ita yakan fito kamar AA a gwajin da aka saba yi, amma idan ta haɗu da S daga ɗaya ɓangaren sai yaron ya zo da ciwon sikila. Saboda haka, Yayar Ango, kafin a yanke kowace shawara, a maimaita gwajin su biyun a wani wuri amintacce, kuma a yi irin wanda yake rarrabe nau'o'in himogulobin, ba wanda ake duba lanƙwasar ƙwaya kawai ba.

Mai Sikila, Maraɗi:
Ni ce jan wake da jan wake da kuke magana a kai. Shekaruna 29, na gama karatu, ina aiki, ina shan magungunana da ruwa mai yawa, ina kwana cikin gidan sauro, kuma ina son rayuwata. Ina roƙon idan za a yi wa iyaye bayani kada a siffanta mu kamar asarar da aka tafka, domin akwai yara masu ciwon da suke karanta irin waɗannan maganganu. Amma kuma ba zan ɓoye muku ba, na ga mahaifiyata tana sayar da kayan ɗakinta don a ƙara mini jini, na kuma rasa ƙanena yana shekara shida, shi ne na uku a gidanmu, ni ce ta biyu. Mu biyu a jere, Hajiya, ki faɗa wa Kawu wannan. Da a ce bashin yana biyuwa da ɗa ɗaya, da ƙanena yana raye. Ban ce a raba su ba, wannan shawararsu ce su biyun, amma su yanke ta suna sane da ainihin ma'anar adadin da aka faɗa musu.

Alhaji Mai Hatsi, Dawanau:
'Yata, Allah ya jiƙan ƙanenki, ya ƙara miki lafiya. Misalin soka buhu ya shige ni, Malam, domin abin da nake yi ne kullum. Har yanzu ina ganin a bar wa yaran da iyayensu zaɓi, kada a mayar da abin tilas a cikin dangi, amma na janye hujjar da na kafa da maƙwabcina.

Malamin Lissafi, Katsina:
Allah ya ƙara wa Alhaji girma. Hajiya, idan za ki je wurin Gwaggo, kada ki tafi da alƙaluman nan, ki tafi da ƙwarya da wake, ki bar ta ta ɗauka da hannunta. Ku ɗauki kowane ɗauka uku a matsayin gida ɗaya mai 'ya'ya uku, ku yi gidaje ashirin, ana ajiye tsakuwa ga duk gidan da ja da ja ya fito. Kada ku tsaya bayan gida biyu ko uku, domin ƙaramin adadi yana iya fitowa ta kowace fuska, sai an yawaita ne tsarin yake bayyana. Abin da ake sa ran gani shi ne tsakuwa goma sha ɗaya ko sha biyu, da ɗan sama ko ƙasa. Mafi muhimmanci, ki tabbatar ita ce take mayar da waken cikin ƙwarya bayan kowace ɗauka.

Yayar Ango, Zariya:
Na dawo in ba ku labari. Jiya bayan la'asar na je wurin Gwaggo da wake, muka zauna da ita da Inna. Da farko ta ƙi mayar da jan waken, ta ce ai an riga an cire shi, sai na tambaye ta ko ƙanena zai daina zama AS bayan haihuwar fari. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta mayar da shi da kanta. Ba mu kai gidaje ashirin ba ta ce a dakata, domin a gida na shida ja da ja ya fito a ɗaukar farko da ta biyu a jere. Na karanta mata abin da 'yar'uwarmu ta Maraɗi ta rubuta. Yanzu ta ce kada a sa rana tukuna, za a sake gwajin a wani wuri ranar Litinin, kuma tana so ƙanena da yarinyar su zo su ɗauki waken da hannunsu a gabanta kafin manya su sake zama.